Kayan Kwana Uku a Babban Akwati

Masu karatu, ina yi muku sallama. Wanda bai bi labarina tun daga tushe ba, ya matso kusa in taƙaita masa, domin abin da zan faɗa yau ba ya fahimtuwa sai an san inda aka fito.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni ce babba, sai ƙanwata wadda kowa yake kira Auta. Ina aiki a shagon sayar da yadi, kuma tun ina ƙarama nake fama da ciwon asma, wanda sanyi da raɓa da ƙura suke tayar mini. Akwai wanda yake nemana da aure, ma'aikacin awon filaye ne, saboda haka duk gidanmu Safiyo ake ce masa, har ni ma bakina ya saba. Shi kuwa Mai Yadi yake kirana. Magana ta yi nisa a tsakaninmu, har an tsayar cewa manyansa za su zo su ga Baba a ƙarshen wannan wata.

A watan jiya mahaifiyarsa ta zo gidanmu gaisuwa. Na yi kwalliya, na kawo mata shayi, ina ajiye faranti a gabanta sai ƙirjina ya kulle. Na durƙusa a tsakiyar falo ina laluben numfashi, Mama tana girgiza maganin shaƙa tana tura mini a baki. Matar ta ce, "Allah ya sawwaƙe," da murya mai laushi, amma ta dube ni irin duban da mai saye yake yi wa yadin da ya hango tabo a tsakiyarsa. Ni mai shago ce, na san wannan duba. Tun daga ranar Mama ta matsa mini in je birni in ga likitan ƙirji, in sauka a wurin ƙanwarta, wadda muke kira Inna. Aka ce tafiyar kwana uku ce, in dawo kafin zuwan baƙi.

To, ranar tafiya ta zo. Ina buɗe ido na tarar da saƙonsa a waya:

"Mai Yadi, barka da safiya. Na duba yanayin can. Safe sanyi, rana zafi, yamma hadari. Ki rufe ƙirjinki sosai. Zan zo da hantsi in kai ki tasha."

Na karanta, na sake karantawa, na rungume wayar kamar wadda ba ta da hankali. Na amsa masa, "To, likita." Ya aiko da alamar dariya. Ku riƙe wannan, masu karatu, domin ku san irin zuciyar da na fara haɗa kaya da ita.

Ba yabon kai ba, na san haɗa kayan tafiya. Mai ciwo irin nawa dole ta iya, domin garin da ba a gane wa yanayinsa ba a tunkararsa da tarin kaya, da dabara ake tunkararsa. Na sauko da ƙaramar jakata ruwan toka, na shimfiɗa abin da zan ɗauka a kan gado. Dogayen riguna biyu na auduga marasa nauyi, waɗanda in ruwa ya taɓa su suke bushewa da wuri. Rigar sanyi siririya mai maɓalli, wadda zan ɗora da safe, in rana ta buɗe in cire in cusa a jakar hannu ba tare da ta dame ni ba. Mayafi ɗaya mai kauri saboda ƙirji da wuya, ɗaya kuma shara-shara saboda zafi. Takalmi rufaffe wanda ba ya shan ruwa, shi zan sa a ƙafata, silifas kuwa a gefen jaka. Safa, laima mai naɗewa, da ledoji biyu saboda jiƙaƙƙen kaya kada ya ɓata busasshe. Ba na ninke tufafi, naɗe su nake yi kamar tabarma, sun fi shiga kuma ba sa yamutsewa. Maganin shaƙata kuwa a jakar hannu yake zama, a aljihun da yatsuna suke samunsa ko idona a rufe.

Ina jan zik ke nan sai na ji ana jan wani abu a ƙasa. Mama ce ta shigo da baya-baya, tana janye da babban akwatin nan baƙi da yake zaune a saman kabad ɗinta shekara da shekaru. Auta tana biye da ita da jiƙaƙƙen tsumma, tana goge shi don kada ƙurarsa ta taɓa ni.

Mama ta dubi jakata ta riƙe haɓa. "Ke yanzu da wannan za ki shiga birni? Kamar mai zuwa aron gishiri maƙwabta?"

"Mama, kwana uku ne fa."

"Kwana uku a garin da ake yanayi uku a wuni ɗaya, kwana tara ke nan. Auta, buɗe akwatin."

Na yi dariya, domin lissafin ya ba ni dariya. Auta ba ta yi ba. Ta buɗe akwatin, ta koma bakin kabad ɗina tana jiran umarni, idonta a kan hannuwanta. Na ce a raina, yarinyar nan kewata ta fara yi tun ban tafi ba.

"Miƙo bargon nan mai gashi," in ji Mama.

"Bargo kuma? Gidan Inna babu bargo ne?"

"Na wani ba ya jin ɗumi kamar naka. In sanyin asuba ya sauko fa?"

Aka sa bargo. Aka sa babbar rigar sanyina ta ulu, wadda ba na taɓawa sai tsakiyar lokacin sanyi. Aka kwaso dogayen rigunana na fita, har da shuɗiyar nan mai aiki a wuya da na ɗinka musamman saboda ranar zuwan manyan Safiyo.

"Mama, wannan ta ranar baƙi ce."

"In ruwa ya hana wanki bushewa, tsirara za ki je asibitin? Sa ta, Auta."

Kowane abu da hujjarsa, kuma kowace hujja daga sama take saukowa. Takalma ƙafa uku, saboda in ɗaya ya jiƙe ɗaya ya tsinke. Zannuwan gado, saboda gumin dare. Babbar kwalbar man shafawa, saboda iskar can tana busar da fata. Sandar sabulu guda cur, saboda taɓon titi. Ban taɓa sanin hadari yana da amfani haka ba sai ranar, domin duk abin da na yi musu a kansa, sai Mama ta nuna taga ta ce, "Ke kin san abin da zai sauko?" Ni kuma sai in bar ta ta sa, saboda na saba da tsoronta a kaina. Matar da ta sha kwana zaune tana sauraron numfashina, ba zan yi mata gardama a kan bargo ba.

Da suka gama, murfin ya ƙi rufuwa. Auta ta hau kai ta zauna, ya ƙi. Mama ta ce ta bar abinci a wuta, ta ja Auta suka fita, ta ce in jira ta dawo su danne shi tare. Ni kuwa na ga babu dalilin jira. Ninkewar da suka yi ce ta cinye wuri. Na durƙusa na fara fito da kayan ɗaya bayan ɗaya ina naɗewa.

Da na ɗago bargon, sai wata farar leda ta kantin magani ta zamo daga cikin ninkinsa. Na buɗe. Maganin shaƙata ne, sababbi fil a kwalayensu, guda huɗu.

Masu karatu, wanda ba ya da ciwon nan ba zai gane abin da na gani ba, saboda haka bari in bayyana. Guda ɗaya yakan kai ni fiye da wata. Mama ta fi ni sanin haka, domin ita take girgiza shi a kunnenta ta ce ya kusa ƙarewa. Ba ta taɓa yarda a sayi biyu a lokaci ɗaya ba, takan ce magani ba kayan ajiya ba ne. Kuma ga ni za ni wurin likita, wanda mai yiwuwa ya sauya mini magani gaba ɗaya. Sanyi yana bayanin bargo, ruwa yana bayanin takalma, amma babu hadarin da zai sa mutum ya shaƙe maganin wata biyar a kwana uku. Na zauna daɓas a ƙasa, na sake duban kayan da ke warwatse a kan gado da sabon ido. Ba kayan sauyin yanayin wuni ɗaya ba ne. Kayan damina ne, da na sanyi, da na bazara.

Na ɗauki waya na kira Inna. Na daidaita muryata yadda nake yi wa mai saye mai tsaurin ciniki.

"Inna, ina kwana? Ina haɗa kaya ne, na ce bari in tambaye ki abin da ya kamata in zo da shi."

"Ɗiyata ta kaina! Ki zo da komai naki, kada ki bar abin da za ki yi kewa. Na kwashe tarkacen ɗakin baya, na sa an yi fenti tun makon jiya don warin ya fita kafin ki iso. Har na yi wa wata mai shagon yadi magana a nan kusa da mu."

"Shago kuma, Inna?"

"To zama za ki yi haka nan? Aiki shi ke ɗauke tunani." Ta ja numfashi, ta rage murya. "Yaya ta gaya mini komai. Wallahi kin yi abin da ba kowace mace za ta iya ba. Ki ce kin haƙura, ki bar wa ƙanwarki, ki kuma ce gara ki yi nisa har a gama hidimar don kada ta ji nauyinki? Allah ya ba ki wanda ya fi shi. Kina ji na?"

"Ina jin ki, Inna."

"Kada ki manta laima."

Ban san yadda na kashe wayar ba. Abin da na sani, na kai hannu jakar hannuna na shaƙi magani sau biyu tun kafin ƙirjin ya kulle, domin na ƙudurta cewa yau ba zan faɗi a gaban kowa ba. Sannan na ɗauki farar ledar na nufi kicin.

Mama tana tsaye tana juya tukunya, ta ba ni baya. Auta ba ta nan. Na ajiye ledar a kan teburin yanka albasa, na ce, "Mama, wannan na wane yanayi ne?"

Ta waiwayo, ta ga ledar, ludayin ya tsaya a hannunta. Ta buɗe baki za ta ce wani abu game da sanyi, na ga kalmar ta zo har leɓenta, sai ta haɗiye ta.

"Na yi magana da Inna," na ce.

Ta rage wutar, ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna. "Rufe ƙofar."

Na rufe.

"Uwarsa ta dawo bayan kwana biyu, kina shago. Ta ce ɗanta ba zai yi aure ya koma jinya ba. Ta ce amma gidanmu gidan mutunci ne, ba sa so su fita daga cikinsa, tunda akwai ƙanwa." Ta goge fuska da gefen zane. "Me kike so in yi? In bar ki ki shiga gidan da duk tarin da kika yi za a ƙirga miki shi? Ni na san abin da na gani a idon matar nan. Da ta wulaƙanta ki a ɗakinki, gara ki ji haushina a ɗakina."

"Sai ki ce a'a, Mama. Ki ce mu biyun ba na sayarwa ba ne, balle a ce in wannan ya yi tabo a yanko daga wancan."

"Kina magana kamar yarinya. Irin wannan yaron kullum ake samunsa? In ya fita, ke kin rasa, ita ma ta rasa."

"To me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"In gaya miki ki faɗi a gabana? Na ce in kika je can, kika huta, likita ya duba ki, Inna za ta lallaɓa ki a hankali."

Wato har labarin fasa aurena an naɗe shi an cusa a akwati, sai na isa a buɗe mini. Na tambaye ta ko Baba ya sani. Ta kama hannuna da hannunta mai ɗumin tukunya.

"Na ce masa ke kika fasa da kanki, kuma kina jin kunyar a tayar da maganar. Kin san halinsa. In ya ji gaskiya, ban san inda zan sa kaina a gidan nan ba. Ki rufa mini asiri, ki yi masa sallama kawai ki wuce. Ban taɓa roƙonki komai ba."

"Auta fa?"

"Auta yarinya ce. Abin da aka ce mata shi take yi."

Saura tambaya ɗaya, ita ce kuma wadda nake tsoro. "Shi fa?"

Mama ta dubi tukunya. "Shi ɗa ne mai jin maganar uwarsa."

Ku gafarce ni, masu karatu, amma wannan amsa daɗi ta yi mini. Na kama ta da hannu biyu kamar wanda ruwa ya ci ya samu reshe. Na ce a raina, ashe tilasta masa aka yi. Ashe shi ma a cikin wuta yake, ya rasa bakin gaya mini. Mutumin da ya tashi da sassafe ya duba mini yanayin garin da zan je, ba zai yiwu zuciyarsa ta bar ni ba. In aka tsayar da shi a gaban namiji ɗan'uwansa aka tambaye shi, zai faɗi gaskiya. Da wannan tunani na koma ɗaki, na mayar da kayan cikin akwati yadda na iya, murfin ya rufu ba gardama. Na sa doguwar rigata ruwan ƙasa, na yafa mayafi mai kauri, na shafa hoda, na zauna a bakin gado ina jira.

Da hantsi na ji ƙahon motarsa. Ya yi sallama ya shigo tsakar gida cikin farar riga mai gajeren hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido, ƙamshin turaren da ni na zaɓa masa yana gaba yana biye. Ya gaishe da Mama a ƙofar kicin, ta amsa ba ta fito ba. Na turo akwatin zuwa bakin ƙofa. Ya kama hannunsa ya ɗaga, ya yi nishi.

"Kai, Mai Yadi! Shagon naku kika kwaso gaba ɗaya?"

Ya yi dariya. Na jira ya ce, kwana uku da wannan uban kaya? Bai ce ba. Ya gyara riƙo kawai ya juya zai nufi mota.

"Ajiye shi tukuna," na ce. "Zo ka raka ni in yi wa Baba sallama."

"Kada mota ta tashi ta bar ki fa. Na gaishe shi in na dawo."

"Ba za ta tashi ba. Zo."

Baba yana falo a kujerarsa ta kullum, tabarau a kan hanci, rediyo a kan cinya yana magana ƙasa-ƙasa. Tun da ya bar aiki nan ne ofishinsa. Safiyo ya cire takalmi ya durƙusa, ni ma na durƙusa a gefe. Na ji motsin Mama a bayana, ta zo ta tsaya a jikin labule.

"Uwata, an shirya?" in ji Baba, domin haka yake kirana. Ya rage rediyon. "Na ji shawarar da kika yanke. Ban so ba, kuma ban ɓoye wa mahaifiyarki ba cewa ban so ba. Amma ni ba na tilasta wa ɗa, ba na kuma tone abin da ya ce a bar shi a rufe. Abu ɗaya kawai nake so kafin ki fita daga gidan nan, in ji daga bakinki cewa babu wanda ya ɓata miki."

Ina jin numfashin Mama a bayana, gajere-gajere, kamar nawa in ciwo ya taso. Kalma ɗaya take nema a wurina, "babu", kuma ita ce matar da ba ta taɓa hana ni komai ba. Na dubi Safiyo. Yana duban zanen darduma kamar an ba shi aikin auna ta.

"Baba," na ce, "ban yanke wata shawara ba. Ban fasa ba. Ba a tambaye ni ba. Yau da safe na ji labarin, a waya, daga bakin Inna."

Mama ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro. Baba bai waiwaye ta ba. Ya kashe rediyon gaba ɗaya, ya ajiye shi a ƙasa, ya cire tabarau ya naɗe a hankali. A daidai lokacin Auta ta ɗaga labulen ɗaya ƙofar, ɗauke da faranti da kofin ruwan baƙo, ta sauya riga, ta sa kwalli. Da ta ga fuskokinmu sai ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Samari," in ji Baba, muryarsa ba ta tashi ba. "Ka san da wannan?"

"Baba, wato, Hajiyarmu ce ta ga cewa..."

"Ban tambaye ka Hajiyarku ba. Ita na san inda zan same ta. Kai ka zo gidan nan da ƙafarka, ka zauna a wannan darduma, ka ce mini kana son 'yata. Ga ni, ga ka, babu mai dukanka. In matsa maka aka yi, faɗa mini yanzu, ni zan tsaya maka. Wa kake so?"

Na riƙe numfashina, ni da ban saba samunsa da arha ba. Na ce a raina, faɗa masa, ga ƙofa an buɗe maka, kalma ɗaya ce.

Safiyo ya gyara durƙuso. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Sannan a hankali ya ɗaga kansa daga dardumar, kuma ba ni ya duba ba. Auta ya duba, ita kuma ta sunkuyar da kai a kan farantinta.

Baba ya bi idonsa da kallo har bakin ƙofa, ya daɗe a can, sannan ya miƙa tafin hannunsa.

"Ba ni mukullin motarka," ya ce. "Yau babu mai zuwa tasha."